Ciwon gaɓɓan Inna da takardar da munka kai majalisa

Da sunan Allah nike farawa. Inna ta rasu, an yi sadakar arba'in, baƙi sun watse, amma har yau in na shiga kasuwa sai wani ya tare ni ya ce, "Ai tsufa ne, Madam, sai haƙuri." Haƙurin ina yi. Sai dai ba tsufa ya kashe uwata ba, shi ya sa na zauna in rubuta yadda abin ya faru, ko wani mai jinya ya gane abin da ni ban gane ba sai da lokaci ya ƙure.

Sunana Mariyama, ina koyarwa a wata lakwal ta firamare a Madawa. Inna kuwa Hajo sunanta, mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Keita. Da ƙuruciyarta tana cikin matan da sunka yi aikin proje, suna ɗaukar duwatsu a ka suna jerawa bisa tudu don a tare ruwan sama ƙasa ta farfaɗo. Duk wanda ya zauna da ita sai ya ji labarin aikin nan. Bayan rasuwar babanmu ta dawo wurina, da yake ba ta iya zaman banza sai ta kama dama hura tana saidawa ƙofar gida.

Ciwon ya fara ne bayan an cire amfanin gona. Makon farko abin dariya munka maishe shi. In ta tashi da safe yatsunta sun ƙage, ba ta iya ɗaure zane sai hantsi ya dubi ludayi, sa'annan su saki kamar ba a yi ba. Mako na uku wuyan hannunta ya kumbura, dama da hagu gaba ɗaya, in ka taɓa ka ji ɗumi. Kafin wata biyu ya sauka gwiwoyi, ta koma yin sallah zaune. Ranar da ta kasa ɗaga buta ta kira ni in zuba mata ruwan alwala, ranar dariya ta ƙare.

Dangi sunka fara zuwa, kowa da ilminsa. Kawu Ibro, ƙanenta, ya zo daga Keita, ya dubi gwiwar ya girgiza kai.

"Duwatsun nan na, Hajo. Tun lokacin na hwaɗa miki. Sanyi ya shiga ƙashi."

Shi ya kawo wanzami anka yi mata ƙaho a gwiwa biyu. Jini ya fita, kumburi bai fita ba. Wata gwaggonmu ta aiko da jiƙo daga Tama cikin jarka, mai ɗacin da ko akuya ba ta sha. Wasu sunka ce a binne ƙafafun cikin rairayi mai zafi da tsakar rana, munka yi, fatar ta saɓule. Wani tsoho daga dangin kakarta ya ce ta taka wurin mutanen ɓoye ne, a nemo baƙar akuya. Nan ne kaɗai Inna ta ɗaga murya, ta ce wannan hanya ta barta wurin kakanni, kada a sake kawo mata.

Asibiti kuwa sau huɗu munka je cikin wata uku. Mu fita bayan asuba, mu kama layi bisa benci, a kira mu kusan azahar. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, mutumin kirki ne, amma mutane sun fi ƙarfinsa. Ya duba ya ce rumatis ne, wato sanyin ƙashi, ya rubuta ordonas, takardar magani, ta kwana goma. Ta sha ta ji sauƙi, magani ya ƙare ciwo ya dawo ya fi na da. A zuwa na huɗu ya aje biro ya ce mini, "Madam, ba ni ɓoye miki, wanga ya wuce nan." Na gode masa da wannan gaskiya, amma da ya faɗe ta tun zuwan farko da yatsu biyu na hannun damanta ba su lanƙwashe ba.

Munka tafi Tawa, anka ɗibi jini, anka yi hoton ƙashi, anka ce sai Yamai, can ne mai sanin ciwon gaɓɓai yake. Awakin Inna biyu anka saida. Wanda bai taɓa ɗaukar mai ciwon gwiwa cikin mota daga Madawa zuwa Yamai ba, ba zai gane ba. Wuni guda cur, kujera ba wurin miƙe ƙafa, duk inda anka tsaya sai mutum biyu sun sauko da ita, sun maida ta. Ba ta yi kuka ba, amma ta ciji gefen mayafinta har ya huje.

Lokotoron da ya gan mu, wato likitan, mai furfura ne, yana jin Hausa sama-sama. Ya kama yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya karanta takardun Tawa, ya ce sunan ciwon poliyartirit. Na ce ya yi mini bayani yadda zan gaya mata.

"Ki ce mata ba sanyi ba ne, ba duwatsu ba ne. Jikinta ne ke yaƙi da gaɓɓanta, kamar karen gida da ya daina gane mai gida. Abin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa. Abin da ya rage za mu tsare."

Da na fassara mata, sai Inna ta yi murmushi, karo na farko cikin watanni. Ta ce, "To ki gaya ma Ibro, duwatsuna ba su da laihi."

Ya rubuta wata ƙwaya da ake sha sau ɗaya a mako, ya ce a riƙa auna jininta, mu dawo duk bayan wata uku. Muna bakin ƙofa ya ƙara da cewa kada ta kusanci ƙwayoyin ƴan talla, masu kashe zafi nan take. Na ce to, na ɗauka magana ce irin ta lokotoro.

Maganin ya yi aiki, Allah ya saka ma bawan Allahn nan. Wata biyu da farawa Inna ta ɗaure zanenta da kanta, ta koma dama hura kaɗan-kaɗan. Matsalar ita ce babu shi a farmasin Madawa, babu a Buza, babu a Keita. Maigidana Abdu direban motar albasa ne, shi da abokan aikinsa ke sawo mana daga Yamai. Na riƙa tunanin wanda ba ya da direba a gida, shi yaya zai yi?

A komawarmu ta biyu na haɗu da Malam Sa'idu. Muna layi ya ji muna Hausar Adar, ya matso ya gaishe mu. Mutumin Buza ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya yi ritaya. Yatsunsa duk sun karkace gefe guda kamar hatsin da iska ta kwantar. Ya ce shekara shida ya yi ana ce masa sanyi ne kafin ya zo nan.

"Madam, kin san mu nawa na a ƙasarmu? Ba wanda ya sani. Ciwonmu ba ya kisa da sauri, kuma ba ya yaɗuwa ga kowa. Ciwon da ba ya yaɗuwa ba ya da mai yi mishi kuka. In ba mu tahi wurin depite, masu wakiltarmu a majalisa, da kanmu ba, ba wanda za shi tahi."

Na ce ni malamar yara ce, ban san ƙofar majalisa ba. Ya ce shi ya san rubutun takarda amma hannu ya ƙi, ni ina da hannu. Haka munka fara, mu biyu, daga baya wasu mutum uku sunka shigo. Ba wanda ke biyan mu. Abin da muke roƙo kuma bai taka kara ya karya ba: a sa maganin cikin wanda ake kawowa farmasin gwamnati na manyan garuruwanmu, a riƙa turo mai sanin ciwon zuwa Tawa lokaci-lokaci, a kuma koya ma su majo yadda za su gane shi da wuri.

Malam Sa'idu ya ce depite ba ya jin mutum biyar, sai ya ga sunaye. Don haka duk ranar da ba lakwal, da duk hutu, ina bisa kabu-kabu ko motar kasuwa da kaye, wato littafin rubutu, da tawada, muna bin kasuwanni muna rubuta masu ciwon gaɓɓai. Da farko jama'a sunka taru sun zaci rabon shinkafa ne, da sunka ji ba a ba da komi sai rabi su watse. Waɗanda sunka tsaya su ne namu. A Tama na rubuta wani mai garka da ya bar dashen albasa don ba ya iya durƙusawa. A wani ƙauyen Keita anka shiga da ni ɗaki wurin wata matar da ba ta kai arba'in ba, shekara uku ba ta ga kasuwa ba. Da yawa ba su iya dangwala yatsa da kansu, sai na kama babban yatsan na juya shi a hankali, suna cije baki, kafin tawada ta hau takarda. Kaye biyu munka cika.

Depite na farko da munka nema, sai a zuwa na uku munka gan shi, lokacin da ya zo gida hutu. Zaurensa cike da masu neman aiki da masu gayyatar suna. Da layi ya zo kanmu Malam Sa'idu ya fara bayani, shi kuwa ido na kan salula. Ya ce, "Ayya, rumatis! Ai tsohuwata ma na hwama da shi, man zahi muke shafa mata." Ya yi ma wani nuni, anka miƙo mana ambulan, wai mu sha ruwa a hanya. Kayen ko buɗewa bai yi ba.

Malam Sa'idu ya sa hannunsa biyu, da ƙyar ya ɗauki ambulan ɗin, ya aje bisa tabarma gaban depiten.

"Ranka shi daɗe, ba bara munka zo ba. Magana munka kawo a kai majalisa."

Mutanen depiten sunka taso da faɗa, wai mun raina kyauta. Munka fito ina cike da haushi. Malam Sa'idu ya ce in bari, akwai wasu.

Depite ta biyu mace ce, Hajiya muke ce mata. Ita kam Allah ya saka mata da alheri. Ta zaunar da mu, ta karanta takardar roƙonmu daga farko har ƙarshe, ta buɗe kaye tana bin sunayen ƙauyuka, wasu ta san su. Ta ce za ta shigar da maganar kwamitin da ke duba lafiya da jin daɗin jama'a, mu kawo dosiye, wato takardunmu gaba ɗaya, Yamai. Na haɗa tafiyar da ranar awon Inna. Kwana biyu ina zaman benci a bakin wani biro, wato ofis, kafin sakatare ya duba ya ce ba a karɓar takarda daga ƙungiyar da ba ta da shaidar rajista.

"Mu ba ƙungiya ba ne," na ce masa, "marasa lafiya ne da masu jinya."

"To ku zama ƙungiya, Madam, ku dawo."

Zama ƙungiyar nan ya ci mana wata bakwai. A rubuta dokoki da Faransanci, a kai wannan biro a ce saura tambari, a kai wancan a ce mai sa hannu ya tafi taro, a dawo a ce an canza fom. Cikin watannin nan mai garkar Tama ya saida garkarsa. Ɗaya daga cikin mu biyar ya gaji ya bari, ban ga laifinsa ba. Da takardar rajista ta fito munka aika, sai anka ce zaman majalisa ya ƙare, sai wani zama. Munka jira. Daga ƙarshe Hajiya ta kira ta ce an yarda a saurare mu in majalisa ta dawo zama, mutum biyu, minti goma sha biyar.

Na rubuta jawabi da Faransanci, ina maimaitawa tsakar gida ina dafa tuwo. Inna ta saurara, ba ta jin ko kalma ɗaya, ta ce, "Duk wagga doguwar magana ta mi ce? Ki ce musu ba tausai muke so ba. Su kawo maganin kusa, shi ke nan."

Ba a kai ga ranar ba. Wata safiya rediyo ya ce sojoji sun karɓi mulki, an rushe majalisa. Ban zauna nan don in yi siyasa ba, kowa ya san abin da ya gani. Ni abin da na sani shi ne kusan shekara biyu na yawonmu na cikin wani biro a kulle. Na kira Hajiya, ta ce, "Madam, ki yi haƙuri, ni ma yau ba kowa ba ce."

Bayan haka anka rufe iyakoki, kaya sunka daina shigowa yadda anka saba. Abdu ya bi farmasin Yamai ɗaya bayan ɗaya, babu ƙwayar Inna. Wadda ke hannunmu ta ƙare. Mako biyu na farko ba ta ji komi ba. Na huɗu yatsu sunka ƙage. Na shida ciwon ya kama kafaɗu da wuya, wurin da bai taɓa zuwa ba, in zan juya ta bisa katifa sai ta yi ƙara maƙwabta su ji. Na koma wurin majo ya ba da abin da yake da shi, ya ja kunnena kada ta wuce kwana biyar tana sha, kuma sai ta ci abinci.

Sai kuma ciwon ya lafa, haka kawai. Na dawo daga lakwal na ishe ta zaune ƙofar gida tana hira. Mako na gaba ta tashi da sanda, har ta yi sallah tsaye. Fuskarta ta cika, kumatu sunka fito, maƙwabta na cewa Inna ta yi ƙiba, jinya ta yi kyau. Na yi ta godiya ga Allah. Ban tambayi kaina daga ina sauƙin ya fito ba, don hankalina na wani wuri. Ni da Malam Sa'idu mun sake buga takardar, muna bin manyan gari muna tambaya, yanzu da babu depite wa ake kai ma kuka? Kowa ya ce a jira a ga yadda abubuwa za su zauna. Ina yawon ciwon mutane, ban duba abin da uwata ke haɗiya cikin gidana ba.

Ashe wani mai tallan magani ne, irin masu faranti a ka, ke biyowa da hantsi ina aji. Shi ke haɗa mata ƙwaya ja da fara. Tun tana shan biyu har ta kai huɗu a wuni, sau da yawa ciki ba komi. Ta ƙulle su a bakin zane. Ta yi mini kukan zafin ciki sau biyu, na dama mata nono na ce ta rage yaji. Bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta, kunya ta hana ta gaya mini. Wannan sai daga baya na ji wurin maƙwabciyarmu.

Ranar wata Talata, ina rubutu bisa allo, maƙwabciyar nan ta shigo aji ba ko sallama ta ce in zo, Inna na aman jini. A asibiti majo ya kwance bakin zanen, ƙwayoyi sunka zubo. Ya dube su, ya dubi fuskarta, ya ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburin magani ne, kuma sun ci mata ciki. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wannan zan faɗa ko gaban wa. Anka nemi jini, Abdu ya ba da, wani malamin lakwal ɗinmu ya ba da.

Da ta farfaɗo na kasa riƙe bakina. Na ce, "Inna, ba lokotoro ya hana ba? Don mi ba ki gaya mini ba?"

Ta ce, "Da na gaya miki da kin karɓe. Kada ki yi hushi, ɗiyata. Sallah nike so in yi tsaye."

Washegari bayan la'asar jinin ya dawo, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙan ta, ya sa ciwon nan ya zama kaffara.

To ga abin da nike so mai karatu ya riƙe. In gaɓɓan mutum sunka ƙage da safe, dama da hagu, har abin ya wuce wata guda, kada a tsaya ƙaho da jiƙo, a nemi awon jini, a matsa har a kai ga mai sani. In mai ciwon da ya daɗe ya samu sauƙi farat ɗaya, fuska ta cika, kada a yi murna tukuna, a bincika abin da yake sha. A tambayi tsofaffi launin bayan gidansu ko suna jin kunya. Mai tallan nan ban kai shi ƙara ba. Haushina ya fi yawa kan waɗanda sunka sa ya zama shi kaɗai ne mai kawo magani ƙofar gidanmu.

Malam Sa'idu ya zo gaisuwa daga Buza, sai da anka sauko da shi daga mota, don shi ma maganinsa ya yanke. Ya ce in hankalina ya kwanta mu sake shiri, duk wanda anka ɗora a madadin su depite mu kai masa. Na ce masa na gama. Na ce wanda na yi domin ta ta tafi, a nemi wani mai hannu. Bai yi gardama ba, ya yi addu'a ya tafi.

Makon jiya anka yi sallama ƙofar gida. Wata mata ce bisa amalanken jaki, mijinta na jaye da shi, daga wani ƙauye hanyar Buza. Ta ce an gaya musu nan ne ake rubuta masu ciwon gaɓɓai. Na buɗe baki in ce an daina, sai na ga fuskarta, a cike tana sheƙi, hannuwa kuwa kamar ƙirare. Na ce ta kwance mini bakin mayafinta. Ta kwance. Ja da fara.

Na gaya mata abin da sunka yi ma uwata, ban rage komi ba. Na miƙa hannu na ce ta ba ni su. Ta dunƙule su da yatsun da ba su dunƙuluwa, ta ja hannun zuwa ƙirjinta.

"Madam, na ji. In na ba ki wanga, mi za ki ba ni?"

Na sauke hannuna. Kaye da tawada kaɗai ke gare ni. Na shiga ɗaki na ɗauko, na rubuta sunanta da na ƙauyensu, na ce gobe mijinta ya kai ta wurin majo a duba cikinta. Ta dangwala, ta maida ƙwayoyinta bakin mayafi ta ƙulle, jaki ya juya da su.